Tauraron Da Ba A Kula Da Shi

Abin karatu: 1 Korinthiyawa 15:41, da 1 Samu'ila 16:7.

Kowa ya san Gamzaki, ko yaro ya san Kaza da 'Ya'yanta. Amma akwai wani tauraro da ya kamata mu yi tunani a kansa, wanda watakila ba ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa nuna shi da yatsa.

Cikin burujai 12 da rana take ratsawa a shekara akwai burujin Ƙaguwa, tsakanin Tagwaye da Zaki. Taurarinsa duka dushi-dushi ne. A watan Maris, bayan cin tuwon dare, idan ba farin wata, ba hazo, za ku same shi bisa kanku. A tsakiyarsa akwai wani abu kamar ɗan hayaƙi, wanda Romawa suka kira Komi, da taurari biyu a gefensa da suka kira Jakuna. Kada wani ya ce komin Baitalami ne, gama Helenawa sun riga sun sa waɗannan sunaye tun ba a haifi Mai Cetonmu ba. Zancenmu a kan Jakin Kudu ne.

A ido ba shi da wani kwarjini. Amma masanan taurari sun auna shi, sun iske faɗinsa ya yi na rana fiye da sau 10, haskensa kuwa wajen sau 50. Tsoho ne. Makamashin da ke tsakiyar cikinsa ya ƙare, sai ya kumbura, fuskarsa ta huce kaɗan, ya zama ja-ja kamar garwashi. Me ya sa yake dushi-dushi? Nisa ne kawai. Haske yana tafiyar mil 186,000 a daƙiƙa ɗaya, duk da haka sai ya yi wajen shekara 130 a hanya kafin ya iso wurinmu. Da za a ɗauki ranan nan tamu mai ƙona gero a kai ta can, da idonmu ba zai gan ta ba sam.

Ga wani abu kuma. Tauraron nan yana daidai kan hanyar wata, saboda haka wani lokaci wata yakan bi ta gabansa ya rufe shi ɗungum. Wata fa! Wanda bai kai duniyarmu girma ba, ba shi ma da hasken kansa, aro yake yi wurin rana. Abin da ya fi tauraron da shi ke nan, yana kusa da mu.

Manzo Bulus ya faɗa wa Korinthiyawa taurari sun bambanta da juna wajen daraja, amma ba idonmu ne ma'aunin darajar ba. Annabi Samu'ila kansa ya ga tsayin Eliyab ya zaci shi ne zaɓaɓɓe, alhali Dawuda yana jeji da tumaki, ba wanda ya tuna a kira shi.

To, yaya muke yi a ekklesiya? Sa'anda za a zaɓi dattijo, idonmu yakan tafi kan mai babbar riga, mai zama a benci na gaba, mai iya magana a taro. Ban ce waɗannan ba su da amfani ba, ko wata ma yana haskaka wa matafiyi hanya. Amma akwai mai bishara a ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina, ya shekara da shekaru yana wa'azi ga mutum bakwai ko takwas, kuɗin guzurinsa ma sai ya yi wata uku bai zo ba. Akwai tsohuwa wadda ƙafa ta hana ta zuwa sujada, tana ɗaki tana yi mana addu'a kowa da sunansa, mu kuwa mun cire nata sunan daga littafi domin ba a ganinta ran Lahadi.

Dattawa, sa'anda kuka zauna a watan nan, ku buɗe littafin nan, ku karanta sunayen waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Ku aiki mutum biyu biyu su je su gaishe su, kada kuwa su tafi hannu wofi.