Mai Sana'a Ba Ya Cinikin Biri a Sama

Idan tela ya je sayen keken ɗinki, ba ya tsayawa sauraron kirarin mai shago. Ƙyalle yake nema, ya ja kujera ya zauna, ya zura zare, ya taka. In ya kai ƙarshen layi sai ya juya ƙyallen ya dubi bayansa, don a nan ake gane keke mai tsallake ɗinki da mai cukurkuɗa zare. Mai shagon da ya san kan kasuwa ba ya cika shi da surutu. Ƙyalle da zare yake tanada, in keken ya yi gardama kuma ya nuna masa inda ake saita shi.

Abin lura a nan ya shafi masu sayar da kayan fasaha ga masu rubuta manhaja. Akwai kamfanonin da hajarsu ba ta kowa da kowa ba ce: hanyar karɓar kuɗi ta katin banki, ko tura saƙon waya daga cikin manhaja, ko hayar kwamfuta a intanet. Manaja ne ke sa hannu a biya, amma wanda zai ce kayan sun yi ko ba su yi ba, shi ne wanda zai kwana yana haɗa su. Kamfanin Twilio, mai hajar tura saƙon waya, ya gane haka, har ya kafa babban allon talla a San Faransisko mai ɗauke da sunansa da gajeren saƙo, cewa mutum ya je ya tambayi mai rubuta masa manhaja.

To, shi wannan mutum yaya ake shawo kansa? Ba ya zuwa neman talla. Matsala ce ke koro shi: aikinsa ya tsaya, allo ya nuna masa saƙon kuskure, ya kwafe shi ya zuba a Google. Duk wanda rubutunsa ya fitar da shi daga wannan ƙangin, ya sami shiga wurinsa.

Dubi Stripe, kamfanin karɓar kuɗi ta katin banki, wanda 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Ailan, Patrick da John Collison, suka kafa a 2010. Abin da ya fito da sunansa a wajen masu rubuta manhaja shi ne shafukansa na bayani. Bayanin yana gefe guda, layukan umarnin da za ka kwafa suna ɗaya gefen, ka zaɓi harshen da kake aiki da shi, Python ne ko PHP ko Ruby. Sannan ga lambar katin gwaji, 4242 sau huɗu a jere. Ka shigar da ita, ka ga ciniki ya faɗa, alhali ko sisi bai fita daga aljihun kowa ba. Akwai ma wasu lambobin da aka tanada don su ƙi shiga, ka ga yadda manhajarka za ta yi ranar da katin mai saye ya zo babu kuɗi a ciki. Kafin wani ɗan talla ya kira ka, ka riga ka san amsar tambayarka. Paystack na Legas, mai irin wannan sana'a, wanda aka kafa a 2015, ya bi irin wannan hanya ta bayani da gwaji kyauta, kuma a 2020 Stripe ɗin ne ya saye shi.

DigitalOcean, mai ba da hayar kwamfuta a intanet, ya ƙara gaba. Ya tara dubban darussa a kan yadda ake girka manhajar Ubuntu, da kafa rumbun bayanai, da toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, yana biyan marubuta daga waje su rubuta. Galibin darussan suna aiki ko da a kwamfutar wani kamfani ne. A ido kamar asara ce, ka koyar da mutum ya je ya kashe kuɗinsa wani wuri. Amma wanda ka fitar daga ƙunci sau uku, ranar da zai karɓi haya sunanka ne zai fara zuwa masa.

Sai dai wannan hanya tana da sharaɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan kuwa ya fi ƙurewa, don mai karatu zai gwada abin da ka rubuta nan take. Darasin da aka rubuta bara, manhaja ta canza aka bar shi haka, zai cinye wa mutum yini guda, kuma ba zai yi shiru ba, sai abokan aikinsa sun ji. Haka ma rubutun da ya fara da koyarwa ya ɓuge da yabon kai.

Saboda haka mai irin wannan haja ya sa wanda ya taɓa aiki da ita ya yi rubutun, a gwada kowane layi kafin a wallafa, a riƙa sabunta shi, a kuma faɗi abin da hajar ba ta iya yi. Mai sana'a yana yafe wa kaya gazawar da aka gaya masa tun farko, amma ba ya yafe wadda aka ɓoye masa.