Sunan Gona Shaida Ne: Wa Ke da Ƙasa, Wa Ke Riƙe da Amana?

Babu shari'ar da ta fi ta gona daɗewa a gaban mai gari, babu kuma wadda ta fi ta raba zumunci. A ƙasar Ribah da kewayenta kowa ya san gidan da wa da ƙane suka daina gaisawa saboda kunya uku ko huɗu a bakin iyaka. Idan aka zauna sulhu, ɗaya ya ce kakansa ne ya yi sassabe, ɗaya ya ce ubansa ya shekara arba'in yana noma wurin ba wanda ya ce masa uffan, na uku kuwa ya zaro takarda mai hatimi daga aljihu. Tambayar da muke so mu duba ita ce: a cikin waɗannan uku, wa ke da gonar? Akwai kuma shaida na huɗu da ba a cika kiransa ba, wato sunan da ake kiran wurin da shi.

Ƙasa mai suna biyu

Ribah ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a Masarautar Zuru, masarautar da ta ƙunshi ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Duk wanda ya zauna a nan ya san kusan kowane abu yana da suna biyu. Mutanen da Bahaushe ke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Haka Dukkawa da Fakkawa da Kambari suke da nasu sunayen na gida, waɗanda ba su ne suka shiga littafin haraji ba. Abin da ya faru da mutane, shi ya faru da duwatsu da rafuka da gonaki. Akwai sunan da tsofaffi ke faɗa da harshen gida, akwai kuma wanda fatake da malaman haraji suka rubuta da Hausa.

Sunayen nan suna ɗauke da labari. A ƙarni na goma sha tara, lokacin hare-haren kamun bayi, musamman daga wajen Kontagora zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, mutane da yawa sun zauna a kan duwatsu da cikin ganuwa, suna noma abin da ke kusa da mafaka. Bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901, hanyoyi suka buɗe, aka riƙa saukowa sannu a hankali zuwa fili ana sassabe. Saboda haka duk inda muka ji an ce Tungar wane, ko Unguwar wane, ko Sabon Gari, sunan yana gaya mana cewa wani ya taso daga wani wuri ya kafa. Inda aka ce kufai, an taɓa zama aka tashi. Inda aka ce Rafin Gora ko Dirin Daji, ana ba mu labarin yadda ƙasar take a idon waɗanda suka raɗa mata suna, ko da yau an sare gorar, dajin kuma ya zama gonaki.

Yadda kakanni suka riƙe ƙasa

Mutanen dā ba su da takarda, amma suna da tsari. Sun bambanta gado da aro, sun bambanta aro da jingina, jingina da kyauta. Akwai gandu na gida duka, akwai gayauna ta mutum shi kaɗai. Saura, wato gonar da aka bari ta huta, ba a ɗauke ta daji marar mai shi ba. Iyaka kuwa ɗorawa ce, ko kaɗanya, ko layin gamba, ko dutsen da kowa ya sani. Baƙo in ya zo, a nuna masa inda zai noma, shi kuma da kaka ya kawo dami ɗaya ko biyu. Wannan damin bai kai kuɗin haya ba. Amfaninsa shi ne kowace shekara yana sabunta shaida a idon jama'a cewa ga mai gona, ga wanda aka ba aro. A al'adar golmo ta Lelna ma, saurayi kan yi shekaru, sau da yawa har bakwai, yana noma a gonar surukinsa tare da abokansa, gumin da ya zubar a ƙasar wani ya zama igiyar zumunci tsakanin gidaje biyu.

Sai doka ta zo daga sama. A 1910 gwamnatin Turawa ta yi shelar cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi wannan sawu. A 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin riƙon ƙasa na gargajiya a karkara, har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, ta kuma amince wanda ke noman gonarsa kafin dokar ya ci gaba da riƙe ta. A cikin wannan lokaci ƙasar Zuru ta sauya uwar gijiya: ta bar Lardin Neja ta shiga Jihar Sakkwato a 1976, sannan ta shiga Jihar Kebbi da aka kafa a 1991. Ofis ya sauya, fayil ya yi ƙaura, amma ɗorawar bakin iyaka tana nan inda take, sai fa in mai gawayi ya riga mu isa gare ta.

Darasi daga wata ƙasa mai nisa

Ba mu ne farkon waɗanda suka ga haka ba. Tsibirin Ayalan, wanda ke yamma da Ingila, inda fada da yawa da suka yi aiki a Arewa suka fito, ya sha irin wannan ɗaci tun kafin mu. A can an raba karkara zuwa ƙananan yankuna fiye da 60,000, kowanne da sunansa, wasu ba su wuce gonakin gida biyar ko shida ba. A 1641 kusan kashi 59 cikin ɗari na ƙasar yana hannun Katolika, waɗanda su ne mafi yawan mutanen tsibirin. Bayan yaƙin Cromwell da ƙwacen da ya biyo baya a shekarun 1650, da wani ƙwacen a ƙarshen ƙarnin, abin da ya rage musu a 1703 bai wuce kashi 14 ba. Jikokin masu gona suka koma masu biyan haya a gonar kakanninsu.

Daga 1824 gwamnatin Ingila ta fara auna tsibirin duka tana zana taswira, aka rubuta sunayen da bakin Turanci. Kalmar baile, wato gari ko unguwa, ta koma Bally. Cill, wato ɗakin sujada, ta koma Kil. Doire, kurmin wani babban itace, ya koma Derry. Sa'an nan babbar yunwa ta faɗo daga 1845, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, kusan wani miliyan suka yi ƙaura, kufai ya cika ƙasar. Sai da manoma suka kafa ƙungiyar neman haƙƙin ƙasa a 1879, ƙarƙashin Michael Davitt da abokansa, aka yi ta gwagwarmaya har dokar 1903 ta buɗe wa masu haya hanyar sayen gonakin da suke nomawa.

Abin lura a nan shi ne, taswirar da mai mulki ya zana domin haraji, da littafin ƙimar gonaki da aka haɗa daga 1847 zuwa 1864, su ne yau jikokin waɗanda aka kora ke buɗewa su ga sunan kakansu da inda gonarsa take. Ko sunan da aka gurɓata bai daina ba da shaida ba, domin mai jin harshen yana iya gane asalin a ƙarƙashinsa. Da mutanen Ayalan suka ga tsofaffinsu na ƙarewa, daga 1937 zuwa 1939 suka tura 'yan firamare fiye da 50,000 su zauna gaban kakanni da maƙwabta, su rubuta labarai da al'adu da sunayen gonaki. Littattafan yaran nan suna nan ajiye har yau.

Abin da suna ke iya yi, da abin da ba ya iya yi

Yanzu mu koma ga mutanenmu uku. Mai cewa kakansa ne ya yi sassabe yana da gaskiya, sau da yawa sunan wurin yana goyon bayansa. Ƙwace gonar gado zalunci ne ko da an yi shi da hatimi, domin takarda tana tabbatar da haƙƙin da ke akwai ne, ba ta haifar da shi daga ƙarya. Amma akwai jaraba a nan. Mutum yakan ɗauki suna ya mai da shi sanda. Ya ce tun da wurin yana da suna da harshenmu, duk wanda ke kai baƙo ne, ya tashi. Wani kuma ya ce tun da a littafin gwamnati da Hausa aka rubuta, tsohon sunan tatsuniya ce. Dukansu biyu suna tilasta wa shaida ya faɗi rabin abin da ya gani.

Shaidan kirki yakan faɗi duka. Bakin da ya tuna wanda ya sare daji, shi ne ya kamata ya tuna cewa mai sassaben ya ba wani aro da hannunsa, cewa an ci tuwo tare, an yi auratayya, an binne mamata a ƙasa ɗaya. Gaskiya ne kayan aro ba ya rufe katara, wanda aka ba aro bai kamata ya wayi gari ya ce gado ne ba. Amma gidan da ya shekara hamsin yana zuba taki a wuri, ya dasa mangwaro, ya haifi 'ya'ya a kai, ya sami wani haƙƙi da lamiri ba zai yarda a share shi da sanarwar dare ɗaya ba. Mai gona yana da ikon a amsa cewa tasa ce. Mai aro yana da ikon kada a jefa iyalinsa cikin yunwa. Adalci shi ne a riƙe biyun tare.

Akwai kuma waɗanda suna ba ya ambatonsu sam. Gonaki kaɗan ne ake kira da sunan mace, alhali mata nawa suka tsufa a duƙe a cikinsu. Gwauruwa da marayu su ne aka fi cinye wa iyaka, domin ba su da mai tsaya musu a zaure. Haka burtali da mashaya: su ma suna da sunaye tun dā, wanda ya nome su ya ɓata wata tsohuwar yarjejeniya, kamar yadda wanda ya saki shanu cikin dawa ya ɓata ta.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa

A farkon Yunin 2021 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Danko/Wasagu, cikinsu har da Koro da Kimpi da Rafin Gora, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. Hare-hare irin wannan sun tashi ƙauyuka da dama, mutane suka gudo Ribah da Zuru da wasu garuruwa. Gonar da aka bari shekara uku takan koma daji, gamba ta cinye iyaka, dattijon da ya san wace kuka ce ta raba gidan wane da na wane ya rasu a gudun hijira. Duk lokacin da masu gudu suka koma gida, rigima ta biyu tana jiransu, wadda za ta iya haɗa maƙwabci da maƙwabci bayan ɗan bindiga ya tafi. Wanda ya noma gonar mai gudu domin kada ta lalace ya yi alheri, muddin ya san amana ce a hannunsa. In ya ce tashin mai ita ya mai da ita tasa, ya zama abokin tarayyar wanda ya kore shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yaran Ayalan suka yi da alƙalami da littafin makaranta bai fi ƙarfin yaranmu ba. Kowane gida ya zaunar da ɗan makarantarsa gaban dattijo ko tsohuwa, ya rubuta sunan kowace gona da harshen gida da kuma Hausa, da ma'anarsa, da wanda ya sare ta, da itatuwan iyakarta, da wanda aka ba aro ko jingina da sharaɗin da aka yi. A karanta abin da aka rubuta a gaban maƙwabtan iyaka da mai unguwa, Kirista da Musulmi da mai bin al'ada, kowa ya ji ya kuma gyara. A ajiye kwafi fiye da ɗaya, a wurare dabam dabam. Wanda yake da hali ya nemi takardar ƙaramar hukuma bayan haka, domin takardar ta zauna a kan gaskiyar da jama'a suka riga suka amsa.

Gwajin zai zo ne a lokacin da tsohuwa ta buɗe baki ta ce: wannan fadamar da muke nomawa ta gidan wane ce, jingina ce aka ba kakanku a shekarar yunwa. A nan ne za a san ko tarihi muke nema ko riba. Mu rubuta wannan ma, da hannunmu, ko da ya rage mana kunya goma. Ƙasar nan ta ciyar da waɗanda suka riga mu, za ta kuma rufe mu kamar yadda ta rufe su. Abin da za mu bar wa 'ya'yanmu ya zama gonar da za su noma ba tare da tsoron maƙwabci ba, da sunan da za su faɗa ba tare da jin kunya ba.

Allah ya maido da masu gudun hijira gidajensu lafiya, ya ba mu damina mai albarka da zuciyar riƙon amana. Amin.