Kafin A Kira Dillali

Idan magidanci ya ƙudura niyyar sauya motar gida, kusan kowa yakan ji labari kafin matarsa. Bakanike ne yake fara ji, domin shi zai duba inji ya leƙa ƙarƙashi. Dillali ya ji, ya shiga turo hotuna ta waya. Abokan majalisa su ji, su shafe dare suna musu tsakanin Toyota da Honda. Ita kuwa uwar yara sai ranar da ta ji hon a ƙofar gida, yara suka ruga da gudu, aka aiko mata cewa ta fito ta sa albarka. Ta yafa mayafi ta fito, ta zagaya motar, ta ce, "Allah ya sa alheri, Alhaji, Allah ya sa a kashe lafiya." Ba za ta faɗi abin da ya wuce haka ba, don an riga an biya kuɗi, magana ta ƙare.

Ni ina ganin wannan tauye haƙƙi ne, kuma asara ce ga maigidan kansa. Shawara hali ne da muke yabo a baki, har mukan ce ita ɗaukar ɗaki ce, sai da hannaye da yawa. Amma da yawa daga cikinmu a waje kawai muke yin ta. Muna shiga soro sai mu ajiye ta tare da takalmi.

Ba wanda ya ce bakanike ba shi da amfani. Shi ya san motar da kayan gyaranta suke samuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, da wadda in ta lalace sai an yi odar kaya daga Legas. Dillali nagari ya san bambancin takardun kwastan na gaskiya da na jabu, abin da ya ƙara muhimmanci tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga farkon 2017, 'yan Kwatano suka koma biyo ta daji. Wannan ilimi ne, kuma matar gida ba lallai ta san shi ba. Sai dai akwai wani ilimin da ba ya wajen ɗayansu. Ita ce ta san yara nawa ake cusawa a kujerar baya kowace safiya, har da 'ya'yan maƙwabta biyu da ake rage wa hanya. Ita ta san yadda Hajiya, mahaifiyar maigidan, take fama da gwiwa in za ta hau mota mai tudu ranar zuwa asibiti. Ita ce take shirya kayan tafiya ƙauye da Sallah, ta san buhu nawa ake dawowa da shi, ta san inda motar da ta gabata take dukan ƙasa a hanyar garinsu da damina. Uwa uba, ita ce take karɓar kuɗin cefane, don haka ita za ta fara jin nauyin motar tun kafin shi ya ji.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna. Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ya kama wajen 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura 1,000. Darajar naira ta faɗi a daidai wannan lokaci, dala ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, farashin motocin da ake shigowa da su da na kayan gyaransu ya bi ta. Tankin Corolla mai fulogi huɗu yana ɗaukar lita 50 ko kusa da haka. Na Sienna mai fulogi shida ya haura 70, kuma ya fi saurin ƙarewa. Wanda albashinsa bai motsa ba, daga ina bambancin zai fito? Daga tukunya zai fito. Nama ya ragu, madarar yara ta koma ta auno, kuɗin makaranta ya shiga jinkiri har a koro yaro gida. Duk wannan a kan matar yake sauka, ita ce za ta san dabarar da za ta yi da abin da aka miƙo mata. Mutumin da za a ɗora wa kaya irin wannan ya cancanci a tambaye shi kafin a ɗaure kayan.

Akwai ma gidajen da da kuɗinta aka cika. Ta kwashi adashe ta bayar, ko ta sayar da sarƙarta ta gwal, ko aka kai ragunan da take kiwo kasuwa, a kan cewa "za mu sayi mota". Ta ba da dukiyarta, amma ba a ba ta damar cewa ga irin wadda za ta dace da gidan ba.

Me yake hana mu? Na farko tsoron suna. Namiji ya gwammace ya yi asarar miliyoyi da a ce masa mijin-ta-ce a majalisa. In aka tambaye shi me ya sa ya ɗauki ƙaramar mota, ba zai iya buɗe baki ya ce shi da iyalinsa suka ga ta fi musu ba, sai ya ƙirƙiro wani dalili. Abin mamaki ne ga al'ummar da take karanta tarihin Hudaibiyya. A shekara ta shida bayan hijira, lokacin da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski saboda baƙin cikin sharuɗɗan sulhu, Uwar Muminai Ummu Salama ce ta ba Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shawarar ya fita ya fara yi da kansa ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Ya yi hakan, jama'a suka bi. Alƙur'ani ma a cikin Suratul Baƙara ya rataya yaye jariri kafin shekara biyu a kan yardar iyaye biyu da shawararsu. Idan yaye ya buƙaci haka, ban ga yadda abin da zai ci rabin kuɗin shigar gida na shekaru zai fi ƙarfin a zauna a kansa ba.

Na biyu, wasu suna cewa mata ba sa riƙe sirri, in ka faɗa mata yau, gobe dangi duka sun ji, baki ya shiga ciki. Amma wanda yake faɗin haka shi ne ya riga ya gaya wa mutum goma a bakin titi. Na uku ya fi ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba: akwai matan da in an tambaye su, motar da za su zaɓa ita ce wadda za a kalla a gidan biki, wadda ta fi ta mijin ƙawa. Gaskiya ne, kece raini ba na maza kaɗai ba ne. Sai dai mace takan nemi abin da ya fi ƙarfin mijinta ne galibi don ba ta san iyakar ƙarfin nasa ba. Ya ɓoye mata albashinsa, ya ɓoye bashin da ke kansa, sannan ya yi mamakin ta nemi jif. Da zai ajiye mata lissafi a fili, ya ce, "Maman yara, ga abin da ke hannuna, ga abin da mai zai ci a wata, ga kuɗin makaranta na zango mai zuwa," mata da yawa su za su fara cewa a haƙura da babbar, wasu ma su ce a gyara tsohuwar a ƙara shekara. Shawara ba miƙa wuya ba ce. Hukunci yana nan a hannunsa, amma zai yanke shi da ido biyu.

A gidan da mata suka kai biyu ko uku abin ya fi buƙatar kulawa. Mota guda tana iya zama sanadin gaba ta shekaru: wa aka fara nuna wa, wa ta fara shiga, wa take zama gaba in an fita tare, 'ya'yan wane ɗaki ake fara saukewa. Maigidan da ya tara su tun kafin saye, ya ji ta bakin uwargida ya ji ta bakin amarya, aka tsara yadda za a riƙa kai yara boko da Islamiyya da ranar unguwar kowacce, ya kashe wutar tun ba ta kama ba. Wanda ya shawarci ɗaya a ɓoye kuwa gara ma da bai shawarci kowa ba, domin ɗayar za ta ji, kuma duk ranar da ta shiga motar za ta ji kamar aro aka ba ta.

Yara manya ma suna da abin faɗa, musamman saurayin da za a riƙa ba makulli ya kai ƙannensa makaranta, da budurwar da ta fara koyon tuƙi kuma otomatik kaɗai ta iya. Zama da su a kan irin wannan magana shi ne karon farko da da yawansu za su ji nawa ake kashewa a gidan ubansu a wata, su ji dalilin da ya sa aka bar wadda ake so aka ɗauki wadda za a iya riƙewa.