Mai Wasa Shi Kaɗai: Ɗan Wasa Ne Ko Mai Ba Da Shaida?

Duk wanda ya taɓa shirya wasan kwaikwayo, ko da a makarantar sakandare ne, ya san cewa tara 'yan wasa ya fi rubuta wasan wuya. Yau wannan ya yi tafiya, gobe an hana waccan fita, jibi kuɗin mota ya gagara. Shi ya sa ba ma mamaki idan muka ji matashin marubuci yana sha'awar wasan mutum ɗaya, wato wasan da ɗan wasa guda zai hau dandamali shi kaɗai, ya riƙe 'yan kallo tun daga farko har ƙarshe. A ganinsa abin da sauƙi: mutum ɗaya, kujera ɗaya, fitila ɗaya. Mu kuwa a namu ganin, sauƙin a aljihu kawai ya tsaya, domin akwai wata amana a kan irin wannan wasa wadda ta fi ta wasan mutum goma nauyi. Tambayarmu a nan ita ce: idan mutum ya tsaya shi kaɗai gaban jama'a ya ce, "Ni na gani da idona," shin yana da iznin ƙaga labari irin wanda muka saba bai wa ɗan wasa? In kuwa ba shi da shi, wa zai taka masa burki?

Bari mu fara da abin da ya bambanta wannan wasa da sauran. A wasa mai mutane da yawa, 'yan wasa da junansu suke magana, mu kuwa muna gefe muna saurare. Idan Tanko ya faɗi magana, Jatau zai iya ƙaryata shi, sai mu auna mu ga wanda ya fi hujja. A wasan mutum ɗaya babu Jatau. Sau da yawa ma abokin maganar ɗan wasan mu ne, idonmu yake kallo. Saboda haka mukan saurare shi kamar yadda ake sauraron matafiyin da ya dawo daga nesa, mu ba shi yarda ba tare da mun ankara ba. Misalai uku daga ƙasashen waje za su nuna mana yadda ake riƙon wannan yarda, da yadda ake cin amanarta.

Na farko shi ne wasan Samuel Beckett, mutumin Ailan, mai suna Krapp's Last Tape, wanda aka fara nunawa a Landan a 1958, Patrick Magee ya fito a cikinsa. Wani tsoho ne ɗan shekara 69, zaune gaban teburi da rikoda, yana sauraron muryarsa da ya naɗa yana ɗan shekara 39. Ba a taɓa yin Krapp a duniya ba, kowa a zauren ya san haka. Amma duk wanda ya haura arba'in, ya tuna alkawuran da ya yi wa kansa yana saurayi, zai fita da ciwon da tsohon nan ya bar masa. An ƙaga labari, ba a yaudari kowa ba.

Na biyu, Anna Deavere Smith ta Amurka. A watan Agusta na 1991 rikici ya ɓarke tsakanin baƙar fata da Yahudawa a unguwar Crown Heights ta birnin Niyok, bayan wata mota ta kashe wani yaro baƙar fata ɗan shekara 7, aka kuma daɓa wa wani ɗalibi Bayahude wuƙa ya mutu. Wannan baiwar Allah ta ɗauki rikoda ta bi mutanen ɓangarorin biyu tana hira da su. A 1992 ta fito da Fires in the Mirror, inda ita kaɗai ta kwaikwayi mutum 26 da kalmomin bakinsu, har da mahaifin yaron da ɗan'uwan ɗalibin. Hula ko riga kawai takan sauya, ana kuma sanar da 'yan kallo sunan wanda ke magana. Ta yi alkawarin cewa maganar mutane ta ɗauko, maganar tasu kuma ta kawo.

Na uku shi ne wanda ya sa muka ɗauki alƙalami. Mike Daisey, shi ma Ba'amurke, ya je birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2010, ya dawo ya shirya wasa a kan ma'aikatan kamfanin Foxconn masu harhaɗa kayan Apple. Zaune yake yinsa gaban teburi, ga kofin ruwa, ga 'yan takardu, da sunansa na gaskiya, kuma takardar da aka raba wa 'yan kallo a Niyok ta ce abin da za su ji ba ƙagagge ba ne. A Janairun 2012 shirin rediyon This American Life ya watsa wani sashe na wasan a matsayin gaskiya. Sai wani ɗan jarida da ke Shanghai, Rob Schmitz, ya nemo matar da ta yi wa Daisey tafinta. Ta ce masu gadin masana'antar ba su riƙe bindigogi ba. Ta ce ba su gamu da ma'aikatan da sinadarin n-hexane ya nakasa ba. An yi wannan ta'asa da gaske, amma a wata masana'anta ce ta wani kamfani a birnin Suzhou. A watan Maris shirin ya janye labarin, ya ware fitowa guda cur don bayyana kuskurensa. Hujjar Daisey ita ce aikinsa wasan kwaikwayo ne, ba aikin jarida ba.

Kada mu yi gaggawar watsar da wannan hujja, domin tana da ƙarfinta. Wahalar ma'aikatan gaskiya ce. A shekarar da ya je ma'aikatan Foxconn da dama sun kashe kansu, jaridar New York Times ma ta buga dogon bincike a kan yanayin aikin a Janairun 2012. Wani zai ce, to mene ne laifi idan mutum ya tattaro abubuwan da suka faru a wurare dabam-dabam ya zuba su a bakin mutum ɗaya don zukata su motsa? Ba haka kowane marubucin wasa ke yi ba?

Amsarmu ita ce, haka yake yi, amma ba ya rantsuwa cewa yana wurin. Abin da ya motsa mutane a wasan Daisey shi ne kalmar "na gani". Da ya ce "na karanta", da bai samu rabin hawayen da ya samu ba. Ashe ke nan ya ci ribar mai shaida, da aka kama shi sai ya nemi mafakar ɗan wasa. Asarar kuma ba a kansa kaɗai ta tsaya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da aka kai ƙarshensa, wanda ba ya son a yi maganar ma'aikatan ya sami abin fakewa, ya ce ai duk zancen ƙari ne. Wanda ya yi shaidar zur don ya taimaki wanda aka zalunta, ya raunana ƙarar da ya zo ƙarfafawa.

Wannan batu ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakar da ke tatsuniya ita ma wasan mutum ɗaya take yi: ita ce Gizo, ita ce Ƙoƙi, ita ce kura. Amma da "Ga ta nan, ga ta nanku" take buɗewa, da "Ƙurunƙus" take rufewa, har ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ta shata iyaka tsakanin tatsuniya da labari. Haka ɗan kama, ya naɗa rawani ya kwaikwayi muryar malami, amma karatunsa duk a kan tuwo da nama ne, ba wanda zai ɗauki maganarsa fatawa. Magabata sun ba da iznin ƙage, da sharaɗin a yi masa alama.

A nan ne aikin mai ba da umarni, wato darakta, ya shigo. Wasu na ganin wasan mutum ɗaya ba ya bukatar darakta, tunda babu taron da za a tsara. Mu muna ganin nan ya fi bukatarsa. Da farko, ɗan wasa ba ya ganin ƙeyarsa, dole wani ya zauna a kujerar 'yan kallo ya gani masa. Na biyu, tsarin dandamali shi kansa magana ne. Beckett da Daisey duk teburi suka ajiye, amma teburin Krapp, da tsofaffin tufafinsa da ayabar da yake ci, yana cewa ga ƙagaggen mutum. Teburin Daisey, da tufafinsa na kullum da sunansa na yanka, yana cewa ga mai shaida. Wanda ya zaɓi sutura da haske da abin da za a rubuta a takardar gayyata, shi ya ɗaukar wa 'yan kallo alkawari. Na uku, a ɗakin gwaji darakta ne kaɗai Jataun da ya rage. Idan bai ce, "Tsaya, wannan da idonka ka gani ko ji ka yi?" ba, babu mai tambaya sai bayan an yi ɓarna.

Mun yarda cewa babu wasan da ke kawo gaskiya ɗanya. Smith ma zaɓe ta yi, ta rage, ta jera maganganu yadda ta ga ya dace, kuma a cikin zaɓe akwai ra'ayi. Amma mai tankaɗe dabam, mai zuba ƙasa a gari dabam. Ana iya gardama da zaɓenta, tunda ta ambaci sunayen yawancin masu maganar, kowannensu na iya fitowa ya ce ba haka ya faɗa ba.

Saboda haka shawararmu ga ɗan'uwa mai niyyar rubuta ko shirya irin wannan wasa, musamman a kan yunwa ko rikici ko zaluncin da ya shafi mutane masu rai, ita ce ya yanke hukunci tun kafin gwajin farko: tatsuniya zai yi ko shaida zai bayar? In tatsuniya ce, ya ba mai maganar wani suna, ya sa masa wata riga, sannan ya ƙaga yadda ya so. In shaida ce, kada ya ce ya gani sai abin da ya gani. In kuma ya gauraya su, ya sanar da jama'a tun daga bakin ƙofa. Mutanen da suka bar harkokinsu suka zo suka zauna shiru don mutum ɗaya ya yi magana, sun cancanci su san wace iri ce za su ji.