HAƘƘI BA YA ZUWA DA ƘAFARSA

Akwai wata tambaya da ake yawan jefa wa matan nan da ke zirga-zirga tsakanin unguwanni da majalisun dokokin jihohi, suna neman a yi dokar da za ta kare mace. Tambayar ita ce: "Wai ku me kuke nema ne? Ashe addini bai riga ya ba mace haƙƙinta tun sama da shekara 1,400 ba?" Mai karatu, wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma ba duk mai yinta ne mugu ba. Don haka ya kamata mu zauna mu dube ta da idon basira.

Gaskiya ne, an ba ta. Suratun Nisa'i ta yanka wa mace rabonta na gado: 'ya tana da rabin abin da ɗan'uwanta namiji ya samu, matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Sadakinta nata ne. Ci da sha da sutura da wurin kwana suna wuyan miji. Duk wannan ba mai musu. To amma tambayata ita ce, a ce an ba ka abu, da abin ya shigo hannunka, ɗaya ne? Wa bai san gidan da aka yi rasuwa dangin miji suka riƙe gona, aka ce wa mai takaba ta yi haƙuri ba? Wa bai san wadda aka saka da goyo, uban yaron ya ɗauke ƙafa, ko sabulu ba ya aikowa? Haƙƙinsu yana nan a rubuce, amma ba shi da ƙafar da zai taka ya iske su. Sai an sami mai ɗauko shi ya kai musu, kuma wannan shi ne aikin doka.

Wani zai ce to me ya sa sai dokar jiha? Dalili shi ne a tsarin mulkin Nijeriya, sha'anin iyali da yawancin laifuffuka suna hannun jihohi ne. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Dokar ta haramta dukan mata ko miji, da korar abokin zama daga gida da ƙarfin tsiya, da wulaƙanta matar da mijinta ya rasu. Sai dai iyakar ikonta Abuja. Matar da aka farfasa wa baki a Zariya ko Haɗeja ba ta da rabo a cikinta, sai majalisar jiharta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Jigawa ta yi a 2021. Haka kuma dokar kare haƙƙin yara: tarayya ta yi ta a 2003, amma sai a 2023 gwamnan Kano ya sa hannu a kan ta jiharsa, shekara 20 cif a tsakani. Yarinyar da aka haifa ranar da aka yi ta farko, ta isa ta goya nata ɗan kafin ta biyun ta iso.

Waɗannan dokoki kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Ɗan majalisa mutum ne mai lissafin ƙuri'a, ba ya taɓa maganar da zai sha zagi a kanta sai ya ga mutanen mazaɓarsa ne ke neman ta. Shi ya sa aikin yake farawa daga ƙasa: a je wa mai unguwa, a gaida liman, a zauna da malaman Islamiyya, a yi bayani a rediyo, a tara matan da abin ya shafa su faɗi abin da ya same su da bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na sha jin ana cewa wannan fafutika ta Turawa ce, an shigo mana da ita ne don a lalata mana gidaje. Ni dai ban yarda ba, saboda tarihinmu bai nuna haka ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba ta jam'iyyar NEPU ta sha duka da ɗauri fiye da sau goma, kuma cikin abubuwan da take nema har da 'yancin jefa ƙuri'a ga matan Arewa, wanda bai samu ba sai a 1976. A lokacinta an kira ta da kowane irin suna. Yau ga babban asibiti can a Zariya da sunanta, kuma ba ɗan takarar da zai ce ba ya son ƙuri'ar mata. A 1985 kuma aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a Minna. Waɗannan duk 'yan gida ne.

Amma fa in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Masu adawa suna da wata magana mai nauyi: doka ba ta gyara zuciya. Haka ne. Ba majalisar da za ta tilasta wa miji ya so matarsa, ba alƙalin da zai sa wa mutum tausayi a ƙirji. Sai dai mutumin kirki dama ba don shi ake yin doka ba. Ana yinta ne don wanda wa'azi ya ratsa kunnensa ya fice, don ya san in ya ɗaga hannu akwai mai riƙe shi. Matar da ake duka yau ba za ta iya jira har ranar da Allah zai shiryi mijinta ba.

Ga masu fafutikar ma ina da jan hankali. Dokar da aka rubuta da Turanci a otal, ba a nemi shawarar malamai da iyayen ƙasa ba, ko ta wuce a majalisa takarda ce kawai. Kuma ranar da gwamna ya sa hannu ba ranar hutu ba ce, ranar fara aiki ce. Sai an juya dokar zuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci, an karanta ta a gidan biki da gidan suna. Sai ɗan sanda ya daina cewa "ku je gida ku sasanta" ga wadda ta zo jina-jina. Sai an ware kuɗi a kasafin jiha don wurin da za ta fake ta kwana. In ba haka ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin za a ce mata ai an yi muku doka, me kuma ya rage?

Saboda haka, ɗan'uwana namiji, in ka ga mata sun yi ayari sun nufi majalisa, kada ka yi saurin cewa rashin kunya ce. Ka tuna kana da 'ya, kuma ba ka san gidan da za ta faɗa ba, ba ka kuma san ko kana raye ranar da za ta nemi mai tsaya mata ba. Wanda ya nemi a kai wa mai haƙƙi haƙƙinsa bai ja da addini ba, hidima ya yi masa. Ke kuma 'yar'uwa, ki san sunan ɗan majalisar mazaɓarki, ki tambaye shi abin da ya yi a kan wannan magana kafin ya dawo neman ƙuri'arki da atamfa da sabulu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.