Haƙƙin Tsohon Gini: Rushewa ko Sauya Masa Aiki

Sauya wa tsohon gini aiki reshe ne na ilimin zanen gine-gine. Ana ɗaukar ginin da aka yi don wata buƙata da ta wuce, a bar harsashinsa da bangayensa, a sake tsara cikinsa don buƙatar yau: sito ya koma makaranta, gidan sarauta ya koma gidan tarihi, masana'anta ta koma kasuwa. Makarantun da ke koyar da wannan fanni, irin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda sashenta na zanen gine-gine ya fi kowane irinsa daɗewa a Nijeriya, sukan tura ɗalibi ya auna gini na gaske, ya zana shi yadda yake, sannan ya kawo shawarar abin da za a yi da shi. Aikin ya fi zane a kan fili wahala, domin fili ba ya musu, amma tsohon gini yana da mai shi da maƙwabta da tarihi, wani lokaci ma da hukuncin shari'a a kansa.

Gusau gari ne da ya dace da irin wannan nazari. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, amma bunƙasarsa ta zamani ta zo ne da jirgin ƙasa. Layin dogo daga Zariya ya ratso Funtuwa da Tsafe ya iso Gusau a 1927, ya ƙarasa Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka jawo kamfanonin Turawa da fataken Kwara, aka gina kantuna da manyan sito, aka kafa gidan gurzar auduga da matatsar man gyaɗa, sannan masaƙar Zamfara a tsakiyar shekarun 1960. Da cinikin gyaɗa ya faɗi, jirgi ya yi ƙaranci, masaƙa ta tsaya kamar takwarorinta na Kaduna da Kano, sai gine-gine suka rage ba aikin da aka yi su dominsa. Ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya kawo buƙatar ofisoshi da gidaje, kuma ƙaddamar da shari'a a Oktoban 1999 ya sa an rufe gidajen giya da na caca, waɗanda su ma dole aka nema musu wani amfani.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka ta addini ce da tunani kafin ta zama ta injiniya. Mene ne ya wajaba a kiyaye a jikin gini: ƙasarsa da dutsensa, ko manufar wanda ya gina shi, ko amfanin da mutane ke samu? Kuma wa yake da ikon cewa a canza?

Farkon abin da shari'a ta shimfiɗa shi ne hana ɓarnar dukiya. Alƙur'ani ya zargi almubazzaranci, hadisi kuma ya sanya tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah ya ƙi. Bangon da yake tsaye dukiya ce: an sayi siminti, an biya lebura, an ɗebo yashi daga gulbi. Rushe shi ba tare da dalili ba asara ce, barinsa ya zama kango har jemagu su gaje shi ma asara ce, kuma ta biyun ta fi yawa a garuruwan Zamfara. Masana muhalli sun ƙara wani nauyi a kan wannan ma'auni, domin sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da ido. Rashin tsaro ya koro dubban mutane daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan jihar, da yawansu suna kwana a gine-ginen da ba a kammala ba a cikin Gusau. Ɗaki mai rufi a kulle, mata da yara a waje cikin damina, abu ne da ya kamata ya hana mai imani sakewa.

Canza aikin wuri yana da asali a Sunna. Filin da aka gina Masallacin Annabi (SAW) a Madina wurin shanya dabino ne na wasu marayu biyu na Banu Najjar, Sahlu da Suhailu. A cikinsa akwai kangaye da itatuwan dabino da kaburburan mushirikai. Aka saye shi, aka tone kaburburan, aka baje kangayen, aka jera kututturan dabinon a wajen alƙibla. An kuma ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci Usmanu ɗan Abil Asi ya sanya masallacin Ɗa'ifa a inda gumakan mutanen garin suke a da. Abin da malamai suka fahimta a nan shi ne wuri ba ya ɗaukar zunubin abin da aka taɓa yi a cikinsa. Tsohon gidan giya, idan an mallake shi ta halal aka tsarkake shi daga najasa, yana iya zama makarantar Islamiyya. Sharaɗin farko dai shi ne wanda aka fara da shi a Madina: a biya masu haƙƙi, ko da marayu ne marasa ƙarfin magana.

A ɗaya gefen akwai darasin Ka'aba. Annabi (SAW) ya shaida wa Nana A'isha cewa Ƙuraishawa sun taƙaita ginin daga harsashin Annabi Ibrahim, kuma ya bar shi haka saboda mutanen sabbin shiga Musulunci ne. Abdullahi ɗan Zubairu ya sake gina ta a kan wancan harsashi, Hajjaju ya mayar da ita yadda take, sannan da wani halifan Abbasiyawa ya so ya sake taɓa ta, Imamu Malik ya hana shi don kada ɗakin Allah ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau mulki ya rushe na wanda ya gada. Wannan fatawa tana da amfani nesa da Makka. Zukatan mutane suna ɗamfare da wuraren da suka saba, kuma mai zane ko mai mulkin da bai lissafa wannan ba ya bar wani ɓangare na gaskiyar ginin.

Daga nan hukunci yana rarrabuwa gwargwadon mallaka. Ginin mutum ɗaya shi ne mai sauƙi, yana da ikon juya shi yadda ya so muddin bai cutar da maƙwabci ba. Gidan gado ya fi wuya. Yawancin tsofaffin gidajen cikin gari da suke zubewa ba talauci kaɗai ya kayar da su ba; magada ne suka yi yawa, ba a raba ba, kowa yana jiran wani ya yi yaɓe, ba kuma mai yarda ɗan'uwansa ya gyara don kada gobe ya ce nasa ne. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a gidan gado tsoron sauke mu raba ɗin ne yake hana gyaran. Zanen da ya mayar da irin wannan gida shaguna ko masauki bai fara aiki ba sai ya nuna yadda kason kowane magaji zai fita, har da na mata da aka aurar nesa.

Hubusi, wato wakafi, shi ne inda maganar ta yi zurfi. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta ƙasar Hausa, ta tsananta: Risala ta Ibnu Abi Zaid ta hana sayar da gidan hubusi ko da ya rushe, Muhtasar na Halil kuma ya buɗe ƙofa ne kawai don abu kamar faɗaɗa masallaci, inda malamai suka haɗa da hanya da maƙabarta. Shafi'iyya suna kusa da wannan. Hambaliyya sun halatta musanya hubusin da amfaninsa ya yanke, ko da masallaci ne, suna kafa hujja da umarnin Sayyidina Umar na ɗauke masallacin Kufa zuwa wani wuri, inda tsohon gurbinsa ya koma kasuwar masu dabino. A Hanafiyya, Abu Yusuf yana ganin masallaci masallaci ne har tashin ƙiyama, Muhammadu Shaibani kuwa yana ganin idan an daina salla a ciki yana komawa ga wanda ya gina shi ko magadansa. Kowane ɓangare yana kare wani abu na gaskiya. Masu tsanantawa sun san cewa da zarar an ce hubusi yana sayuwa, masu iko za su sami dalilin kiran kowane fili mai tsada matacce. Masu sassautawa sun san cewa wanda ya yi hubusi lada mai gudana yake nema, kuma kango ba ya gudanar da lada. Malikiyya da kansu suna da mafita a tsakiya, cewa idan manufa ta gagara sai a juya abin zuwa mafi kusa da ita, kamar a kai azara da tubalin rusasshen masallaci wani masallacin. A Zamfara, inda akwai Hukumar Zakka da Wakafi, wannan ba maganar littafi kaɗai ba ce.

Misali mafi kusa yana Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Tsohon masallacin Juma'ar garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ginin ya lalace har ana maganar rushe shi. Masu zane biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka tsara a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum kusan 1,000 da bulon ƙasa matsattse, a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aka kuma gayyato maginan da suka yi aikin farko cikin gyaran. An kammala a 2018. Mai bin zahirin Malikiyya zai ce hurumin masallaci ba ya ɗaguwa don an jera kantocin littattafai. Mai kare aikin zai ce karatu shi ne mafi kusa da salla cikin ayyukan masallaci, kuma zaɓin da ke gaba rushewa ne. Hujja ta biyu tana da ƙarfi, amma yanke irin wannan hukunci na malamai ne da jama'ar gari, ba na mai riƙe da fensir ba. Zariya ta bi wata hanyar dabam: a shekarun 1970 an lulluɓe wani ɓangare na masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da sabon ginin kankare, aikin wurin bai canza ba, sai dai an yi asarar siffarsa ta waje.

Idan aka shiga cikin gini, tambayoyin sukan koma ƙanana, kuma a nan ake gane ɗalibin da ya san mutanensa. Sito irin na gefen tashar jirgi an yi shi ne don buhuna: dogon zaure guda, bango mai tsayi, ƙofa mai faɗin shigar kaya, ƙananan kafofin iska can ƙarƙashin kwano, ba taga a daidai ido. Mayar da shi makarantar matan aure yana buƙatar haske, amma tagar da aka fasa a bangon da ke kallon cikin gidan maƙwabci cutarwa ce da fiƙihu ya hana, don haka sai a nemo hasken ta sama ko a buɗe tsakar gida a tsakiyar ginin. Zafin bazara a ƙarƙashin kwano ba ya barin karatu, sai an sa silin an bar kafofin saman a buɗe don iska mai zafi ta fita. Ana buƙatar wurin alwala mai magudana, da bayan gida da bai fuskanci alƙibla ba bai kuma ba ta baya ba, da ƙofar da mace za ta shiga ba ta ratsa taron maza ba. Sito bai san alƙibla ba, layin dogo ya bi, saboda haka sahun salla a ciki yakan zo a karkace, sai a shata shi a daɓe.

Ginin ƙasa yana da tasa ƙa'idar. Bahaushe bai taɓa ɗaukar ɗaki a matsayin abu mai aiki ɗaya ba. Zaure guda yakan zama makarantar allo da asuba, wurin ɗinki da hantsi, masaukin baƙo da dare. Ƙasar bangon da ya faɗi akan sake kwaɓa ta a yi tubali, azarar giginya akan zare ta a kai sabon soro. Kuskuren da aka fi yi yau shi ne shafe bangon ƙasa da siminti: danshi yana maƙalewa a ciki, bayan 'yan damuna sai shafen ya ɓamɓaro da ƙasar da ke bayansa. Makuba da laso da gyaran indararo kafin ruwan fari su ne maganinsa, kuma wannan ilimi yana hannun magina, waɗanda ya kamata ɗalibi ya zauna gabansu kamar yadda yake zama gaban malamin jami'a. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe, wadda sunanta ya kai nesa da ilimi tun kafin jihadi, da tsohon mazaunin Kwatarkwashi a jikin dutse cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, wurare ne da aunawa da zana abin da ya rage a cikinsu zai zama hidima ko da ba a gina komai ba.

Saura batun abin da za a bari na tarihi. Arewa ta fi sabawa da mayar da tsohon gini gidan tarihi: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, tsohuwar Kwalejin Katsina, da gidan Sardauna a Kaduna wanda ya zama Arewa House a 1970. Hanya ce mai kyau ga gine-gine ƙalilan, amma gari ba zai cika da gidajen tarihi ba. Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta yarda cewa amfani da gini don buƙatar jama'a yana taimaka wa ɗorewarsa. Ga masana'antun Gusau, abin da ya fi dacewa shi ne aiki mai kawo kuɗin kula da su, kamar wurin koyon sana'a ko rumfunan masu ɗinki ko ma'ajiyar hatsi, tare da barin sunan wurin da ƙofarsa da wani injin a tsaye, domin 'ya'yan ma'aikatan da suka ci abinci a nan suna raye a garin.

Saboda haka cikakken aikin ɗalibi a wannan fanni yana ƙunsar takardu fiye da zanen ɗakuna: bayanin mai ginin da yadda ya mallake shi, ko akwai hubusi ko gadon da ba a raba ba, ra'ayin maƙwabta da mai unguwa, fatawar malamai inda abin ya shafi masallaci ko maƙabarta, rahoton ƙarfin bango da rufi, da lissafin wanda zai ɗauki nauyin gyara kowace shekara da inda kuɗin zai fito.