Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Daga fagen yaƙi maganar ta fito. A zamanin da Kano da Katsina da Zariya ke kewaye da ganuwa, ana rufe ƙofofi da almuru, rundunar da ta zo daga waje komai yawan dawakinta tana iya daɗewa a bayan badala ba ta ga cikin birni ba. Sai fa in ta samu mutum ɗaya na ciki, wanda ya san inda damina ta zaizaye ganuwa, ya kuma san ƙofar da mai tsaronta ke yawan gyangyaɗi.

Yau na fi jin karin maganar a bakin dillalan gidaje. Da ka nuna kana son ganin mai gida ido da ido, sai dillali ya gyara zaman hula ya ce, "Alhaji, da ɗan gari fa akan ci gari." A fassararsa, shi ne ɗan garin, babu wani.

Ban ga laifin wanda ke son tsallake shi ba. La'ada a wurare da yawa kashi 5 ce cikin 100, wani wurin ta kai 10. Gidan naira miliyan 20 ke nan miliyan ɗaya cur ta tafi, kuɗin da zai yi fenti ya canza ƙofofi. Ga shi ba dillali ɗaya ba ne: akwai na mai gida, akwai naka, akwai wanda ya kai labari, akwai mai riƙe da makulli, kowa da kasonsa. Wani ma sai ya ɗora nasa a kan kuɗin da mai gida ya faɗa, ku rabu kai da mai gidan ba wanda ya san ainihin abin da ɗan'uwansa ya biya ko ya karɓa. Kada kuma mu manta, ɗan garin da ya buɗe wa maƙiya ƙofa, mutanen garinsu ya ci amana. Mutumin da la'adarsa ke ƙaruwa in farashi ya hau, kuma ba ya samun ko sisi in ciniki ya watse, da wuya ya ja ka gefe ya ce kada ka saya.

To amma karin maganar ba ta ce dillali ba, ɗan gari ta ce. Wanda ya kori dillali bai kori buƙatar sanin gari ba, aikin ne kawai ya dawo wuyansa.

Na taɓa raka ƙanina duba wani gida a bayan gari, a nan Kano. Da mai gidan ya haɗu a wurin ɗaurin aure, suka yi magana baki da baki. Gida tsaf, ɗaki uku da falo, ga rijiya a tsakar gida, an yi tayi an yi albarka har an kusa sallamawa. Da muka fito sai na tsaya gaida wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a jikin katangar. Na ce, "Iya, ina gajiya? Muna so mu zama maƙwabtanku ne." Ta juya ƙosanta, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Allah ya sa alheri, ɗan nan. Ita 'yar'uwar tasu da ke aure a Damagaram ta zo ke nan?" Mu ba mu ma san da wata 'yar'uwa ba. Ashe gidan gado ne, ba a raba ba, babban wa ne kawai ya ga takarda na hannunsa ya ɗauka gida nasa ne. Ƙosan naira ɗari biyu muka saya, muka tsira da miliyoyi.

Gidan gado shi ne ramin da ya fi cinye masu saye. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke aiki da shi, wanda ya sayar da kason wani, cinikin a rataye yake sai mai kason ya yarda. Ko nasa kason kaɗai ya sayar, in dai ba a raba gidan ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓe. Ka yi gyara, ka tare da iyali, bayan shekara sammaci ya iske ka. Don haka in an ce gado ne, ka nemi ganin takardar rabo, ka kuma zauna da magada gaba ɗaya, har matan da ke gidajen aurensu da waliyyin marayu.

Sai maganar takarda. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha a Najeriya suna hannun gwamna a matsayin amana, takardar shaidar mallakar da yake bayarwa galibi ta shekara 99 ce, kuma sauya mata suna sai da amincewarsa. Yawancin gidajen unguwannin awon igiya ba su da ita, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci. Wannan tana da amfaninta, amma ba ta hana jan fenti hawa katanga in gidan a kan hanya ko magudanar ruwa yake. In akwai lambar fayil, ka je da ƙafarka KANGIS in a Kano kake, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, a duba sunan da ke ciki, a kuma duba ko an jinginar da gidan a banki. Kuɗin lauyan da zai yi wannan binciken ya rubuta yarjejeniya, shi ne kuɗin da ban yarda a yi rowarsa ba.

Akwai kuma ɗan garin da ba ya karɓar la'ada, ba ya kuma ƙarya, shi ne ruwan Agusta. Gida da rani kowane amarya ne. Koma bayan an tafka ruwa ka ga inda kwata ta nufa, ka ɗaga kai ka dubi silin, ka shafa gindin bango. In ka ga sabon fenti ya tsaya iya gwiwa, tambayi abin da ya ɓoye. Unguwanni da dama kududdufai ne aka cike da shara aka yi gini a kai, kuma yaran layin sun san wannan sarai.

Yi salla a masallacin unguwar sau biyu ko uku, ka gaisa da liman, ka sha shayi a teburin bakin layi, ka kai wa mai unguwa gaisuwa kafin ka ba da kafin alƙalami. Ranar biya kuma a yi ta banki, a gaban shaidu na ɓangarenka da na ɓangarensa, da maƙwabtan da suka haɗa iyaka da gidan. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, don haka kada kunyar surukuta ko abota ta hana ka neman sa hannu.

Ƙanin nawa dai daga baya ya sayi wani gidan, layi biyu tsakaninsa da na farko, kuma babu dillali. Tsohuwar nan mai ƙosai ce ta ba shi labarinsa.